Wa Ke Gadin Ramin Cajin Wayarka?

A watan Satumbar 2023 gobara ta tashi a babbar tashar wutar lantarki ta Birnin Kebbi, ta cinye manyan taransfoma, jihohin Kebbi da Sakkwato da Zamfara suka shiga duhu. Kowa ya san inda wayoyin gari suka koma a kwanakin nan: teburin mai caji. Ko babu gobara ma teburin nan ba baƙonmu ba ne. Daga bakin babbar kasuwar Birnin Kebbi har tashar motar Argungu, za ka ga janareto na kuka, wayoyi jere kamar kifi a kan tire. Ka miƙa taka, a manna mata lamba, a ba ka guntun kati, ka tafi harkarka.

Abin da yawancinmu ba ma tunawa shi ne ramin da ake soka caja a cikinsa ba na wuta kaɗai ba ne. Tsohon kebul na USB yana da siraran wayoyi huɗu a cikinsa, biyu na ɗaukar wuta, biyu na ɗaukar bayanai. Bakin Type-C da ke jikin sababbin Tecno da Infinix da Samsung kuwa haƙora 24 gare shi. Ta wannan ramin ake tura maka fim, ta nan mai gyara yake yi wa waya filashin, ta nan kake haɗa filas da OTG. Ƙofa ce, kuma duk ƙofar da ke kaiwa cikin gida tana buƙatar mai gadi.

Mai gadin nan sunansa kanel.

Zauren da ba a wucewa

Kanel shi ne tsakiyar babbar manhajar da ke tafiyar da na'ura. Duk wayar Android da ke hannunka, kanel ɗin Linux ne a ƙarƙashinta. Abin sha'awa ma, Linux da jihar Kebbi tsararraki ne. Ranar 25 ga Agustan 1991 Linus Torvalds, ɗalibi a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan, ya sanar da duniya aikin da ya fara. Bayan kwana biyu, ranar 27, gwamnatin Janar Babangida ta yanke Kebbi daga tsohuwar jihar Sakkwato.

Aikin kanel ya yi kama da tsarin gidan Bahaushe. Baƙo yana tsayawa a zaure, ko da kuwa ruwan sha kawai yake so. Sai ya yi sallama, a aiko yaro, yaro ya shiga ya ɗebo ya kawo masa. WhatsApp da TikTok da manhajar bankinka duk baƙi ne a zaure. Babu wadda take taɓa kyamara ko makirfo ko ramin caji da hannunta. Aike suke yi, kanel ya duba ko sun cancanta, sannan ya biya musu buƙata ta hanyar ƙananan manhajojinsa da ake kira direbobi, kowane direba da na'urar da ya iya magana da ita.

Kuma ba kunya ce ke tsayar da baƙon a zaure ba. Furosesa da kansa ne ya gina katangar. Furosesan Intel yana da matakan iko huɗu, daga 0 zuwa 3. Kanel na zaune a mataki na 0, manhajoji na zaune a na 3. Idan manhaja ta yi yunƙurin aikata abin da sai mai mataki na 0 ne ke da ikonsa, furosesa zai tsayar da ita nan take, ya kai ƙararta wurin kanel, galibi kuma kanel ya rufe ta.

Ƙofofi 65,536 da allon da ake ta wankewa

Bari mu ɗan bar waya mu leƙa kwamfuta, domin a can ne labarin ya fi fitowa fili.

Kwamfutar da ke ɗauke da furosesan Intel ko AMD, irin ta shagon buga takardu ko cibiyar jarrabawar JAMB, tana da wasu ƙofofi na cikin gida waɗanda ido ba ya gani. Lambobi ne kawai, guda 65,536, kuma wasu daga cikinsu suna kaiwa ga sassan na'ura kai tsaye. A tsarin lissafin da masu rubuta manhaja ke amfani da shi, ƙofa mai lamba 60 da mai lamba 64 na kibod ne, 378 ta tsohuwar firinta ce, 3F8 kuma ta tsohon ramin haɗa modem. Ƙofa ta 64 ɗin nan, in aka aika mata wata lamba guda, kwamfutar gaba ɗaya sai ta mutu ta sake tashi. Ka ga ba ƙofar da za a bar wa kowa a buɗe ba ce.

To amma akwai manhajojin da da gaske suke buƙatar shiga wasu ƙofofin da kansu, kamar tsofaffin manhajojin da ke sarrafa hoton sikirin a Linux, da na masu haɗa kwamfuta da injinan masana'anta. Aike ta hannun kanel yana yi musu jinkiri. Saboda irinsu ne, tun zamanin furosesan 80386, irin wanda Linus ya fara aikinsa a kai, Intel ya tanadi wani allo na izini. Kowace ƙofa tana da gurbi ɗaya a allon. In an rubuta 0, a shiga. In an rubuta 1, ba shiga. Gurbi 65,536 in ka raba su takwas-takwas sun zama bayit 8,192, wato KB 8. Allon yana rataye a wani keɓaɓɓen wuri na memori da ake kira TSS, kuma furosesa da kansa yake duba shi duk lokacin da manhaja ta taɓa ƙofa.

Linux ya ba manhajoji hanya biyu ta neman wannan alfarma, dukkansu sai mai cikakken iko a kan kwamfutar. Ta farko ioperm: ka faɗi ƙofofin da kake so, a buɗe maka su kaɗai. Da farko ƙofofi 1,024 na farko kawai take iya buɗewa, sai a Linux 2.6.8 aka faɗaɗa ta ta kai dukkansu. Ta biyu iopl, wadda ke miƙa maka makullan gidan baki ɗaya.

Ga inda matsalar take. Kowace manhaja da jerin izininta, amma kowane furosesa allo ɗaya gare shi, alhali yana sauyawa daga wannan manhaja zuwa waccan sau ɗaruruwa ko dubbai a daƙiƙa guda. A tsohon tsari, duk lokacin da manhaja mai izini ta karɓi furosesa, sai kanel ya kwafe jerinta ya rubuta a allon. Da ta sauka, sai ya bi ya cike guraben da 1 don kada mai zuwa bayanta ta tarar da ƙofa a buɗe. Kamar almajirin da aka ce ya wanke allonsa ya sake rubutu duk sanda wani ya gifta ta gabansa, ko da karatun bai canza ba. Haka kuma in manhajar ta haifi wata, sai a kwafa wa 'yar nata KB 8 ɗin daban.

Ita kuwa iopl, matsalarta ta fi ɓata lokaci muni. A tsarin Intel, wanda ya samu wannan matakin ba ƙofofi kaɗai ya samu ba, har da ikon toshe wa furosesa kunne. Furosesa yana aiki ne da kiraye-kiraye: agogo ya kira shi, kibod ya kira shi, katin intanet ya kira shi, kuma da kiran agogon ne kanel yake karɓe ragama daga hannun manhaja ya ba wata. Manhajar da ta toshe kunnen ta ƙi buɗewa ta riƙe furosesan ke nan, kanel kuma ba shi da ta cewa.

A watan Nuwamban 2019 Thomas Gleixner, Bajamushe kuma ɗaya daga cikin masu kula da ɓangaren Intel da AMD na Linux, ya aika jerin gyare-gyare a kan wannan wuri, suka shiga Linux 5.5 da ya fito a Janairun 2020. Dabarun ba su da wani sihiri. Maimakon wanke allo idan mai izini ta sauka, sai a juya shi ya fuskanci bango: a canza lamba guda da ke nuna inda allon yake, ta nuna wajen iyaka, furosesa kuma in bai ga allo ba sai ya hana kowa. Rubutun ma ba a yin sa lokacin sauyi, sai daidai sanda manhajar za ta koma bakin aikinta. Sannan kowane jeri aka ba shi lambar shaida, in lambar da ke kan allo ita ce ta mai dawowa, ba a sake kwafa. Uwa da 'ya'yanta suka koma amfani da jeri ɗaya, sai ranar da ɗaya ta nemi canji a yanka mata nata. Ita ma iopl aka daina ba ta ikon na ainihi. Yanzu allo na biyu ake nuna mata wanda aka cike da 0, ta shiga duk ƙofar da take so, amma toshe kunnen furosesa ya ƙare.

Maganar gaskiya, saurin da aka samu ba abin da kai mai laftof za ka ji a jikinka ba ne, domin manhajojin da ke neman wannan izini 'yan kaɗan ne. A ganina ribar da ta fi ita ce ta biyun. Kusan shekara talatin ana ba mai neman makulli ɗaya har da sandar mai gida, don kawai haka furosesa ya haɗa su, sai ga shi an raba su ba tare da an karya yawancin tsofaffin manhajoji ba.

To ita wayarka fa?

Wayarka ba ta da waɗannan ƙofofi 65,536. Furosesan MediaTek ko Unisoc ko Snapdragon da ke cikinta ɗan gidan ARM ne, kuma a tsarin ARM sassan na'ura suna bayyana ne kamar wasu wurare a cikin memori. Kanel kawai yake ƙin nuna wa manhajoji waɗannan wuraren. Android ya ƙara nasa katangu a kai. Kowace manhaja ana ɗaukar ta a matsayin mutum daban mai ɗakinsa daban. Daga Android 5.0 a 2014 tsarin SELinux ya fara aiki gadan-gadan, yana ƙayyade wa hatta manhajojin cikin gida abin da za su taɓa. A Android 6.0 na 2015 aka fara tambayarka izinin kyamara da makirfo a lokacin da manhaja ke buƙata, kuma soka kebul ya koma caji zalla har sai ka zaɓi tura fayil da hannunka. Android 12 ya kawo koren ɗigon nan da ke bayyana a saman sikirin in ana amfani da kyamara ko makirfo.

In ka soka wata na'ura ta OTG, misali ƙaramar firinta ko na'urar ɗaukar zanen yatsa, za ka ga an tambaye ka ko ka yarda manhaja kaza ta yi amfani da ita. In ka yarda, babbar manhaja ce take buɗe ƙofar ta miƙa wa manhajar hanya zuwa wannan na'urar kaɗai, kuma da ka zare kebul izinin ya faɗi. Ya tuna mini da Matan Fada a Argungu. Ruwan yana nan duk shekara, kifi na ciki, amma dubban masunta sukan tsaya a bakin gaɓa da homa da gora, babu mai tsoma ƙafa sai an ba da alama, kuma in lokaci ya cika kowa ya fito.

Inda katangar ke tsagewa

Rauni ya fi yawa a wurin direbobi, domin su 'yan cikin gida ne, kuma da yawansu kamfanonin furosesa ne ke rubuta su. A watan Maris na 2020 Google ya saka gyaran wata ɓaraka mai lamba CVE-2020-0069 a sabuntawar tsaron Android. Wani direban MediaTek ne aka bari a buɗe ta yadda manhaja gama-gari za ta iya aikensa ya karanta ko ya rubuta a memorin da ba nata ba, daga nan ta zama mai gida. Ɓarakar ta shafi furosesoshin kamfanin da dama, kuma kowa ya san yawan wayoyin MediaTek a hannun mutanenmu. Wayar da ba ta samu sabuntawa ba tun lokacin, ƙofar tana nan yadda take.

Na biyu ya fi kusa da zancenmu. A watan Fabrairun 2025 ƙungiyar Amnesty International ta fitar da rahoto a kan wani ɗalibi ɗan gwagwarmaya a ƙasar Sabiya, wanda hukumomi suka karɓe wayarsa Samsung Galaxy A32 suka buɗe ta da kayan aikin kamfanin Cellebrite. Ta ramin caji aka shiga. Na'urar da aka soka ta riƙa yin shigar burtu, ta ce ita kyamarar USB ce, ta ce ita wata na'ura ce daban, kanel kuma ya riƙa tayar da direban kowacce, har aka kai ga masu kuskure a cikinsu. Wayar tana kulle, amma direbobin suna amsa sallama. Wannan ne dalilin da ya sa tun 2018, a iOS 11.4.1, iPhone take rufe hanyar bayanai ta ramin caji in ta yi awa guda a kulle. Google ma ya sanar da irin wannan kariya a cikin tsarin tsaro na musamman da ya zo da Android 16.

Satar bayanai ta hanyar cajar bogi kuwa, tun 2011 aka nuna ta a taron masu kutse na DEF CON a Amurka, kuma ita ta sa aka ƙirƙiro tambayar nan ta ko ka amince da wannan kwamfuta. A 2025 masu bincike a Jami'ar Fasaha ta Graz da ke Ostiriya suka nuna cewa muguwar caja tana iya rikiɗa ta zama kibod ta danna amincewar da kanta. Maganin da Apple da Google suka kawo, a iOS 18.4 da Android 15, shi ne neman lambar sirri ko zanen yatsa kafin a buɗe hanyar.

Sai dai kada wannan ya sa ka fara yi wa mai cajin unguwarku kallon ɓarawo. A 2023, bayan ofishin FBI na Denver ya gargaɗi jama'a a kan cajar filayen jirgi, hukumar sadarwa ta Amurka, FCC, ta ce abin mai yiwuwa ne amma ba ta san wani tabbataccen lamari da ya faru da mutane ba. Kan caja na yau da kullum da aka soka a soket ba shi da ƙwaƙwalwar da zai saci komai. Haɗarin teburin caji na gaske shi ne wutar janareto ta ƙona maka waya, ko a zare maka layi ko katin memori, ko wayar ta yi ƙafa.

Ƙofar da muke buɗewa da hannunmu

Wurin da ya kamata hankalinka ya tashi shi ne shagon tura fina-finai da waƙoƙi. A can kai da kanka kake cire kulle, ka danna tura fayil, ka miƙa waya. Daga nan kanel ya gama nasa aikin, domin mai gida ne ya ce a shigo da baƙo. Kwamfutar shagon ba za ta ga cikin manhajar bankinka ba, wannan ɗakin yana kulle. Amma za ta ga duk hotuna da bidiyon da kyamararka ta ɗauka, da takardun da ka sauke, da hotuna da saƙonnin muryar da aka turo maka ta WhatsApp. Kwafe su aikin 'yan mintuna ne, kuma wayar ba za ta nuna maka an kwafa ba. Yawancin masu wannan sana'a neman halalinsu suke yi, amma kwamfutar shago hannu da yawa ke taɓa ta. Ga 'yan'uwanmu mata musamman, hoton da aka ɗauka a cikin ɗaki in ya fita waje, kowa ya san abin da yake jawowa a garuruwanmu. Katin memori na daban ko filas mai bakin OTG ya raba wannan gardama: a zuba maka fim a ciki, wayarka tana aljihunka.

Sai wurin mai gyara. Akwai wata ƙofa ta masu rubuta manhaja, wadda a saitin waya aka rubuta mata USB debugging a ƙarƙashin Developer options. In tana kunne, kwamfuta za ta iya saka wa waya manhaja, ta cire wata, ta ɗauki hoton sikirin, ta ma danna abubuwa. Tun Android 4.2.2 a 2013 sai ka amince da kwamfutar tukuna, amma akwai ɗan akwatin da in an danna shi wayar za ta riƙa gane wannan kwamfutar ko ba a sake tambaya ba. Daga Android 11 amincewar tana faɗuwa in an yi kwana bakwai ba a haɗu ba. Tsofaffin wayoyi kuwa suna riƙe ta har sai an goge. Duk ranar da ka karɓo waya daga gyara, shiga wurin ka duba. In a kunne take, danna goge kwamfutocin da aka amince da su, sannan ka kashe ta. Canjin sikirin ko batir ko bakin caji ba ya buƙatar a bar wa kowa lambar sirri, a gabanka za a gwada.

Akwai kuma lokacin da kanel ba ya nan sam. In mai gyara ya kashe wayar MediaTek, ya danne maɓallin ƙara ya soka kebul, yana magana ne da wata 'yar manhaja da aka gina a jikin furosesan, wadda ke farkawa kafin Linux. Ta nan ake filashin. A wannan hali abin da ke tsare bayananka shi ne rufin asirin da aka yi musu, wanda ya zama dole ga wayoyin da suka fito da Android 10 zuwa sama, kuma makullinsa yana ɗaure da lambar sirrinka. Lamba huɗu irin 1234 ko shekarar haihuwa ba ta da wani nauyi. Sa shida ko fiye, wadda ba ta da alaƙa da lambar wayarka.

Saboda wannan rufin asiri ne ma ya fi kyau ka kashe waya ɗungurungum kafin ka bar ta a teburin caji. Wayar da ba a buɗe ba tun bayan kashe ta, makullan yawancin bayananta ba sa cikin memori, ga shi kuma ta fi saurin cika. In za ka yi tafiya, kamar lokacin bikin kamun kifi da Argungu ke cika da baƙi kowa na neman soket, riƙe kan cajarka da kebul ɗinka, ko fawa bank, ka ba da shi a yi masa caji maimakon wayar. Ana sayar da kebul mai wuta zalla wanda aka cire masa wayoyin bayanai, yana kuma aiki, sai dai wasu wayoyin ta waɗannan layukan suke yin ciniki da caja a kan saurin caji, don haka kada ka yi mamaki in ya cika maka waya a hankali.